Jatan Landen Ruwan Daɗi a Tankin Ruwan Gishiri: Yaya Ake Yi?

Masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi suna da wata matsala da mai kiwon tarwada bai san ta ba. Tarwada dai ko me ka watsa mata za ta haɗiye. Amma akwai kifayen teku, irin su kifin nan mai ƙayoyi masu dafi da Turawa ke kira kifin zaki, da kuma dokin teku, waɗanda in sabon kamu ne ba sa kallon abincin da ba ya motsi. Sai ka ga kifi mai tsada yana ramewa alhali abinci na gabansa. Mafita mai araha ita ce ƙananan jatan lande masu rai, musamman wani iri mai jiki garai-garai kamar gilashi, Palaemonetes paludosus, wanda asalinsa tafkuna da rafukan kudu maso gabashin Amurka ne. To, shi ɗan ruwan daɗi ne, tankin kuwa ruwan gishiri.

Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan matsattsaku ya ga abin da ke faruwa: nan take ya yamushe, ruwan jikinsa ya fito. Wannan shi ne osmosis ɗin da aka koya mana tun sakandare, wato ruwa yana ratsa fata daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ruwan rafi kuwa bai kai giram 1 ba. Jinin jatan landen ruwan daɗi yana tsakiya: ya fi rafi gishiri, amma bai kai rabin na teku ba. Saboda haka a rafi aikinsa kullum shi ne fitar da ruwan da ke kutsowa jikinsa, da tsotso gishiri ta matattarar numfashinsa. Ka jefa shi ruwan teku kai tsaye, lissafin ya juye. Ruwa ya fara fita, gishiri ya fara shiga, gaɓoɓin da suka saba da aiki ɗaya kuma ba za su koma yin kishiyarsa cikin minti biyar ba.

Dabarar da ake yi ita ce ta ɗigo. Za ka zuba jatan landen da ruwansu a ƙaramin bokiti, ka ajiye shi ƙasa da tankin. Ka sami siririyar robar iska, ka sa baki ɗaya a tanki, ka zuƙo ruwa, sannan ka ƙulla robar sako-sako yadda ruwan zai riƙa ɗiga biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. In ruwan bokiti ya ninka, ka zubar da rabi, ka bari ya sake cika. Awa ɗaya zuwa biyu ya isa. Daga nan sai a kwashe su da ragar hannu. Ruwan bokitin ba ya shiga tanki, don cike yake da ƙazantarsu.

Sai dai a fahimci abu ɗaya, ɗigo ba ya mayar da ɗan rafi ɗan teku. Lokaci kawai yake saya maka, yadda jatan landen zai ci gaba da yawo har kifin ya gan shi ya farauce shi, maimakon ya sandare a ƙasa. Wanda yake so su daɗe sai ya ware musu tanki dabam, ya riƙa ƙara gishirin da giram 2 ko 3 a kowace lita a rana, yana aunawa da na'urar gwajin gishiri. Ko a haka ma wasu za su mutu a hanya. Gishirin kuma ba na miya ba ne, haɗaɗɗen gishirin teku ne da ake sayarwa don wannan aiki, domin ruwan teku yana da sinadarai irin su magnisiyam da kalsiyam da gishirin girki ba shi da isassu.

A ganina, in kifin mai saurin cafka ne, duk wannan wahala ba ta da amfani. Ka saka biyu ko uku da zai cinye nan take, shi ke nan. Haɗarin gaske yana wurin zuba su da yawa: su ɓuya bayan duwatsu su mutu, su ruɓe, ammoniya ta tashi, ita kuwa a ruwan teku ta fi dafi saboda yanayin ruwan. Kifin da kake neman ceto da abinci sai ruwa ya kashe shi.

Akwai kuma batun gina jiki. Halittun ruwan daɗi ba su da isasshen kitsen nan na omega-3 da kifin teku yake buƙata. Shi ya sa ake ƙosar da jatan landen da abincin kifin teku awanni kaɗan kafin a ba da su, kifin ya ci su da abin da ke cikinsu. Burin ƙarshe ma shi ne a yaye shi a hankali ya koma cin daskararren abinci.

'Yan sashen kiwon kifi kada ku ce wannan labarin Turai ne. Kishiyarsa ce ake yi a wuraren ƙyanƙyasar tarwada a Najeriya: ana ƙyanƙyashe ƙwan atimiya a ruwan gishiri, a ɗauraye 'ya'yan, a zuba wa jariran tarwada a ruwan daɗi, inda ba sa wuce 'yan awanni da rai. Babban jatan landen kogunan Afirka ta Yamma kuwa, Macrobrachium vollenhovenii, yana girma a ruwan daɗi, amma 'ya'yansa sai da ruwa mai ɗan gishiri na bakin teku suke rayuwa. Duk ɗalibin da zai yi furojet a kan ƙyanƙyasarsa a nan Arewa, gishirin teku da na'urar awo ne farkon abin da zai rubuta a kasafinsa.