Daga Gona Zuwa Filin Dambe: Yadda Samarin Ƙasar Faru Ke Gwada Ƙarfinsu

Duk wanda ya ji an ambaci Faru, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne marigayi Sa'idu Faru, makaɗin fada wanda ya yi fice da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. To, amma wannan yanki da ya haɗa Maradun da Bakura da Mafara ba da kiɗan fada kaɗai aka san shi ba. Ƙasa ce ta manoma majiya ƙarfi, inda saurayi kan ajiye fartanya da kaka ya ɗaura zare a hannu, ya fita fili neman suna.

Asalin dambe wasan mahauta ne, watau rundawa, waɗanda kan bi garuruwa bayan an kawar da amfanin gona, suna karawa da takwarorinsu lokacin bukukuwa. Daga baya 'ya'yan manoma da masu sauran sana'o'i suka shigo ciki. Galibinsu ba albashi suke karɓa ba, ba kuma wata ƙungiya ke ciyar da su ba. Da damina suna gona, da rani wasu na noman shinkafa da ruwan madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 bisa kogin Sakkwato, wasu kuma na dako a kasuwar Talata.

Shirin irin wannan saurayi yakan fara tun kafin a yanke gero. Ba shi da ɗakin motsa jiki irin na birni. Noma da faskare da ɗaukar buhu su ne suka gina masa ƙirji da damtse. Abin da yake ƙarawa shi ne gudu da asuba, da naushin buhun yashi da ya rataye a reshen itace, da gwaji da abokansa a bayan gari. Wani tsohon ɗan dambe yakan ja shi a jiki, ya koya masa tsayuwa, da yadda ake auna tazara, da yadda ake kauce wa hannu. Sau da yawa uwa ba ta so, uba kuwa yakan yi shiru, musamman idan shi ma ya taɓa sa zare a zamaninsa.

Ran wasa, da la'asar sakaliya, jama'a kan kewaye fili, masu kalangu su ɗauki kiɗa. A nan ne sabon shiga yake gane cewa naushin buhu daban, tsayuwa gaban ƙato daban. Za a naɗe masa hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, a bi shi da zare har ya yi tauri. Wannan hannu shi ne mashi, ɗayan kuma da yake miƙawa a buɗe shi ne garkuwa. Tsofaffin 'yan wasa kan ce ba naushi ne ke fara kayar da yaro ba, kiɗa da ihun jama'a ne. Wanda zuciyarsa ta tsinke tun ana kirari, ƙafarsa ba ta daɗewa a ƙasa.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuyar ganewa. Akan yi turmi uku. Wanda aka buga har hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, kamar yadda 'yan wasa ke faɗi. Idan turmi uku suka cika ba wanda ya faɗi, sai a raba su, a ce an tashi babu kisa. Wasan da aka yi wata biyu ana shirinsa yana iya ƙarewa kafin mai kallo ya gyara zama.

In Allah Ya ba saurayi sa'a ya yi kisa, abokai kan ɗaga shi sama, ya zagaya fili masu kallo na yi masa kari. Washegari sunansa na bakin 'yan mata a rijiya. Daga nan wasu kan fara mafarkin gidajen dambe na Sakkwato da Kano da Dei-Dei ta Abuja, inda ake karawa tsakanin Arewa da Kudu da Guramada, da fatan wata rana a ambace su kamar yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago. In kuwa shi aka kashe, zai koma gida da kumburarren ido, ya jure ba'ar tsara, ya jira wata kakar. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma fa akwai abin dubawa. A filin ƙauye ba a auna nauyin 'yan wasa, saboda haka yaro na iya faɗawa hannun wanda ya fi shi girma da daɗewa a fage. Ba kasafai ake samun ma'aikacin lafiya a kusa ba. Karyewar haƙori da tsagewar gira ana ganinsu nan take, amma bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwa ba ya nuna jini. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya suma ko ya ruɗe bayan naushi, idan ya sake karɓar wani kafin ya warke, yana cikin haɗari babba. Ga kuma ƙwayoyi da wasu ke sha don kada su ji zafi, alhali zafin nan shi ne gargaɗin da jiki ke yi wa mai shi. Saurayin da ya nakasa a fili, gonar gidansu ce ta rasa hannu.

Har ila yau, rashin tsaron da ya addabi Zamfara fiye da shekara 10 ya taƙaita tafiye-tafiye da tarukan dare a ƙauyuka da yawa, ya kuma tura samari da dama birane.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. A Jamhuriyar Nijar kuwa, gasar kokawa ta neman takobi da aka fara a Tawa a 1975 ta nuna yadda hukuma ke iya ɗaukar wasan ƙauye ta mayar da shi abin alfaharin ƙasa.

Abin da ya rage ga jami'an wasanni na ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Talata Mafara ba mai tsada ba ne: a rubuta sunayen 'yan wasa, a haɗa kowa da daidai nauyinsa, a zaunar da ma'aikacin lafiya a bakin fili, a kuma hana wanda ya suma komawa wasa sai likita ya yarda. Rigakafi ya fi magani. Ta haka ne saurayin da ya bar gona ya shiga fili zai koma gonarsa lafiya idan damina ta faɗi.