Shinkafa Mai Jure Ambaliya

Kowane manomin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ya san halin Gulbin Rima. Ka gyara gona, ka dasa, shinkafa ta kama sosai, sai ruwa ya taho cikin Agusta ko Satumba ya rufe ta. A shekarar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi. To, masu bincike sun samo irin da zai rage wannan hasara.

ME KE KASHE SHINKAFA A CIKIN RUWA?

In ruwa ya rufe shinkafa, sai ta riƙa miƙewa da sauri don ta fid da ganyenta sama ta sami iska. Wannan kokawa ita ke ƙarar da abincin da ta ajiye a jikinta. Bayan 'yan kwanaki sai ta mutu. Ko da ruwan ya janye, ta riga ta galabaita, sai ta kwanta cikin laka.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A ƙasar Indiya akwai wata tsohuwar shinkafa da manoma suka daɗe suna nomawa, ba ta yawan ba da amfani, amma ruwa ba ya kashe ta da wuri. A 2006 masanan cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin da na wata jami'a a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke ba ta wannan hali, suka kira ta Sub1. Shinkafa mai wannan ƙwaya ba ta kokawa da ruwa. Lafewa take yi kamar mai barci, ta tattala ƙarfinta, in ruwa ya janye ta tashi ta ci gaba da girma. Takan jure kamar mako biyu a nutse.

Daga nan aka yi ta haɗa ta aure da irin da ke ba da amfani mai yawa. A 2017 aka fitar da iri biyu a Nijeriya, FARO 66 da FARO 67, aikin cibiyar AfricaRice tare da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja.

INDA BA ZA TA YI AMFANI BA

Ka lura da wannan da kyau. Irin nan na gonar da ruwa ke rufewa ya wuce ne. A kwarin da ruwa ke kwana wata ɗaya ko fiye, kada ka sa shi. Can sai shinkafarmu ta gargajiya mai bin ruwa, wadda ke tsawo yadda ruwa ke hawa. Haka kuma in ruwa ya zo bayan shinkafa ta yi ciki ko ta fid da kai, ba za ta tsira ba. Ruwa mai laka ma yana rage kwanakin da za ta iya jurewa, don yana tare mata hasken rana.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka tuna yadda ruwa ya yi a gonarka shekarun baya. Kwana nawa yake yi kafin ya janye?
2. Nemi ingantaccen iri ta hannun malamin gona na KARDA. Kada ka sayi tsaba a kasuwa don an ce maka FARO ce.
3. Ka dasa da wuri, da shuka mai ƙwari, don ta kafu kafin ruwa ya iso.
4. In ruwa ya janye ka ga gona kamar ta mutu, kada ka yi gaggawar kafce ta. Ka ba ta kwanaki, ka duba sabon tofo.
5. In ta fara farfaɗowa, kamar bayan mako guda, ka sa mata yuriya, ka cire ciyawa.

Shekarar farko ka gwada a ɓangare ɗaya na gona, kusa da irin da ka saba. Da kaka ka auna buhun kowane ɓangare, sannan ka yanke shawara.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.