Idan monita ta ɗauke bayan sabunta laftof

A ƙarshen watan Maris na 2018 kamfanin Apple ya fitar da sabon zubin babbar manhajar kwamfutocinsa, macOS 10.13.4. Jama'a suka sauke kamar yadda suka saba. Kwamfuta ta kashe kanta ta tashi, sai wasu suka tarar monitar da ke kan teburinsu ta yi baƙi ƙirin, an cire waya an mayar amma ko gezau. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu haɗa monita ta na'urorin da ke aiki da fasahar DisplayLink, da masu amfani da manhajoji irin su Duet Display da ke mayar da iPad allo na biyu. Babu abin da ya ƙone, babu wayar da ta tsinke. Sauyi aka yi a hanyar da manhajar ke fitar da hoto, kuma cikakken gyara bai zo ba sai da macOS Mojave ta fito a watan Satumba, bayan kusan wata shida.

Duk wanda ya garzaya kasuwa ya sayo sabuwar monita a wancan lokaci ya zubar da kuɗinsa ne a banza. Haka abin yake har gobe, ko a Windows ne ko a Mac ko a Linux. Monitar da ta yi aiki jiya, aka sabunta manhaja da dare, da safe ta ƙi kawo hoto, da wuya a ce ƙarfe ne ya lalace. Mafi yawan lokuta magana ce ta yanke tsakanin na'urorin biyu.

Magana kuwa suna yi. Kan wayar HDMI yana da 'yan ƙananan haƙora 19, kuma na 19 ɗin aikinsa shi ne sanar da kwamfutar tafi-da-gidanka cewa an jona wani abu. Da jin haka sai laftof ta nemi monita ta faɗi ko ita wace ce. Monita ta aiko da ɗan taƙaitaccen bayani da ake kira EDID, wanda ƙungiyar VESA ta tsara tun 1994: sunan kamfanin da ya ƙera ta, girman hoton da take iya ɗauka, da sau nawa take sabunta shi a daƙiƙa ɗaya. Tushen wannan bayani bai wuce bayit 128 ba, amma idan bai iso daidai ba, ko ya iso ba a fahimce shi ba, hoto ba zai fita yadda ya kamata ba.

Mai karɓar wannan bayani ya yi aiki da shi wata ƙaramar manhaja ce da ake kira direba. Matsayinsa kamar na tafinta ne tsakanin baƙi biyu da ba sa jin harshen juna: babbar manhaja ta faɗi abin da take so a nuna, direba ya isar wa guntun da ke sarrafa hoto, na Intel ko AMD ko Nvidia, ta yadda zai gane. To sabuntawa takan taɓa wannan direba. Windows Update kan sauko da sabon direba ya ɗora a kan tsohon ba tare da mai kwamfuta ya lura ba. Babbar sabuntawa ta shekara-shekara, irin 24H2 ta Windows 11 da ta fito a watan Oktoba na 2024, kusan sake girka manhajar ce gaba ɗaya. Idan ta ga tsohon direba bai dace da ita ba, sai ta ajiye shi gefe ta sa na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wannan yana iya kunna allon laftof, amma sau da yawa ba ya fitar da hoto zuwa allo na biyu.

Akwai kuma laftof masu guntun hoto biyu, ƙarami mai tattalin batir da babba na aiki mai nauyi, tsarin da Nvidia ta fito da shi a 2010 da sunan Optimus. A yawancin kwamfutocin wasanni da na masu zane, kafar HDMI a jikin babban guntun aka ɗaure ta kai tsaye. Direbansa na samun matsala sai kafar ta mutu, alhali allon laftof yana aiki lafiya lau domin ƙaramin guntun ne ke riƙe da shi. Wannan yana ruɗar mutane ƙwarai, har su rantse kafar ce ta ƙone.

Bincike ya kamata ya fara daga abin da ba ya cin ko sisi. A duba ko monita na kan mashigar da ta dace, domin mai HDMI biyu tana iya zaman jiran hoto a ta ɗaya alhali waya na ta biyu. A danna maɓallin Windows tare da P: zaɓi huɗu za su bayyana, kuma sabuntawa takan mayar da kwamfuta kan na farko, wato allon laftof kaɗai. Duplicate yana nuna abu ɗaya a allo biyu, Extend yana faɗaɗa wurin aiki. Idan bai yi ba, a haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a danna tare. Allo zai yi ƙyaftawa, a ji ɗan ƙara, alamar an farkar da direban hoto ba tare da an rufe aikin da ake yi ba.

Sai batun kashewa da kunnawa, wanda mutane da yawa ke yi ba daidai ba ba tare da sun sani ba. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai tsarin saurin tashi: idan aka zaɓi Shut down, kwamfuta tana adana halin da zuciyar manhajar da direbobi suke ciki, ta ɗauko shi idan an sake kunnawa. Direban da ya rikice zai kwana a rikice, ya tashi a rikice. Restart ne ke share komai ya ɗora sabo. Ita ma monita a zare ta daga wuta na ɗan lokaci, a cire wayar hoto, sannan a mayar, domin a tilasta wa na'urorin biyu su sake gaisawa daga farko.

Gwaji ɗaya yana raba gardama. A jona wata laftof da wannan monita ta wannan waya, sannan a jona laftof mai matsalar da talabijin na gida. Idan wata kwamfutar ta kawo hoto, an wanke monita da waya. Idan talabijin ma ya ƙi, ido ya koma kan laftof, kuma tunda jiya-jiya aka sabunta ta, direba ne abin zargi na farko.

Wurin duba shi ana kiransa Device Manager, ƙarƙashin Display adapters. Ganin alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a jikin sunan guntun, ko ganin sunan wancan direba na wucin gadi, ya isa shaida. A shafin Driver akwai maɓallin Roll Back Driver da ke dawo da wanda ake amfani da shi kafin sauyin. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba ke nan, sai a nufi shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, HP ko Dell ko Lenovo ko wani, a nemi direba da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Na kamfanin laftof ya fi cancanta a fara gwadawa kafin na Intel ko Nvidia kai tsaye, domin masu ƙera laftof sukan daidaita direba da yadda suka shimfiɗa kafofin nasu samfurin. Manhajojin nan na kyauta da ke alƙawarin gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya kuwa, gara a yi nesa da su. Ba a san inda suke samo abin da suke girkawa ba.

Idan direba bai warware ba, ana iya cire sabuntawar kanta. Ƙananan na wata-wata ana cire su daga tarihin Windows Update. Babbar kuwa tana da wa'adi, kuma a nan ne jinkiri ke cutarwa: kwana 10 kacal Windows ke bayarwa a koma tsohon zubi. Tsohuwar manhajar tana zaune a wata jaka mai suna Windows.old, wa'adi na cika sai a goge ta. Wanda ya ga jakar ta cinye masa wuri ya share ta da kansa ya rufe ƙofar tun kafin lokaci. Saboda haka mai dogaro da allo na biyu ya gwada shi a ranar da aka yi sabuntawar, kada ya bari sai ranar da zai tsaya gaban jama'a.

Wani lokaci hoton yana zuwa amma a gurguje: rubutu ya yi dishi-dishi, allo na ɗaukewa yana dawowa, ko linzami na tafiya da ƙyar. Galibi sabon direba ne ya zaɓi girman hoto ko saurin sabuntawa da waya ba za ta iya ɗauka ba. HDMI 1.4 na 2009 yana kai hoton 4K sau 30 ne kawai a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 na 2013 ya kai 60. A shiga saitin allo a rage saurin zuwa 60 ko 30, gwargwadon ƙarfin wayar, ko a rage girman hoton. Idan ya tsaya cak, an gano bakin zaren. Wannan ya shafi ɗalibai da malamai da ke haɗuwa da tsofaffin majigi masu kafar VGA, fasahar da IBM ta fito da ita a 1987. Ƙaramar adaftar da ke juya HDMI zuwa VGA ba kullum take isar da bayanin majigin daidai ba, don haka sa girman hoto da hannu, kamar 1024 da 768, yakan fitar da mai gabatar da kundin digiri daga kunya.

Kafar USB-C tana da nata ruɗanin. Duk kamarsu ɗaya a ido, amma ba kowace ke fitar da hoto ba. Wata caji da bayanai kawai take ɗauka, haka ma wayoyinta. Akwatunan rarraba kafofi da ake ajiyewa a tebur su ma suna da tasu manhajar a ciki, kuma masu DisplayLink suna buƙatar direbansu daban, wanda sai an sabunta shi ya dace da sabon zubi.

Masu Mac sun sake ɗanɗana irin wannan a watan Maris na 2024. Bayan macOS 14.4, kafofin USB da ke jikin wasu monitoci suka daina aiki, linzami da allon rubutu da aka jona ta nan suka mutu. Kafin watan ya ƙare Apple ya fitar da 14.4.1, ya kuma ambaci wannan matsala cikin abubuwan da ya gyara. Wasu abubuwan kuma tsaro ne aka ƙara. Tun daga macOS Ventura ta 2022, laftof masu guntun Apple kan nemi izini kafin su karɓi sabuwar na'urar USB ko Thunderbolt, kuma manhajar DisplayLink ba ta aiki sai an ba ta izinin ɗaukar abin da ke allo. Danne maɓallin Option a saitin Displays yana fito da zaɓin neman monita da hannu. Amma MacBook Air mai guntun M1 na 2020 monita ɗaya tak yake ɗauka kai tsaye. Wannan iyakar ƙira ce, babu sabuntawar da ta jawo ta kuma babu wadda za ta cire ta.

A Linux, yawanci sabuwar zuciyar manhaja ce ke shigowa direban Nvidia bai bi ta ba. Zaɓar tsohuwar daga jerin zaɓi na GRUB da ke bayyana lokacin tashi yana nuna ko nan ne matsalar take cikin 'yan mintoci.

Abin da ya fi ciwo shi ne saurin yanke hukuncin a yi fomat. Ana kai laftof wurin mai gyara, kafin a buɗe Device Manager an ce sai an goge komai an sake girka Windows. Hotuna da takardun shekaru su shiga haɗari, a biya kuɗin aiki, sannan kwamfutar na hawa intanet Windows Update ya sake sauko da direban nan da ya jawo matsalar tun farko. Mai kwamfuta yana da haƙƙin tambayar me aka gwada kafin a kai ga haka. Idan kuma aka ce sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta, wanda wani lokaci shi ne maganin, a tabbatar batir ya cika kuma caja na jone da wutar da ba za ta ɗauke ba, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya hana laftof tashi ɗungurungum.

Wasu da suka sha wannan wahala sukan toshe sabuntawa har abada, kuma wannan kuskure ne mai tsada. A watan Mayu na 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta durƙusar da kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya, ta wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Jinkirtawa ita ce ta dace. Microsoft yana fitar da gyare-gyarensa a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma Windows 11 tana ba da damar dakatar da su har mako 5. Mai taro ko lacca gobe ya dakatar yau, ya sabunta bayan ya gama.

Masu laftof na gwanjo su ne suka fi buƙatar kula. Tallafin Windows 10 na bai-ɗaya ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman guntun Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa, da tsarin tsaro na TPM 2.0. Akwai dabarun ɗora ta a kan tsofaffin injuna, ana kuma yi, sai dai guntun hoton da ke cikin irin waɗannan kwamfutoci sau da yawa kamfaninsa ya daina yi masa sabon direba. Kowace babbar sabuntawa na iya ture tsohon direban da ke riƙe da kafar HDMI. Mai irin wannan laftof ya sauke direban da ke masa aiki yanzu daga shafin kamfanin, ya ajiye kwafi a filashi, ya rubuta lambar zubinsa da ke shafin Driver, kafin ya amince da sabuntawa ta gaba.