Fasfo kaɗai ba ya rage kuɗin jami'a a Ingila

Duk shekara, da zarar an fara neman guraben karatu a Birtaniya, sai maganganun nan su dawo bakin iyaye: wai yaron da aka haifa a Landan kuɗin 'yan gida zai biya, wai in ka mallaki gida a can magana ta ƙare, wai ɗalibi in ya shekara uku yana karatu za a mayar da shi ɗan gida. Ba a banza ake wannan lissafi ba. A shekarar karatu ta 2025/26, abin da doka ta yarda jami'ar Ingila ta karɓa daga ɗan gida mai digirin farko bai wuce fam 9,535 a shekara ba. Baƙo kuwa ba a yanka masa iyaka ba. Ninki biyu ko uku an saba gani, na likitanci ma ya zarce haka.

Zancen haihuwa shi ya fi ruɗar mutane, domin a da haihuwa a can kaɗai tana mayar da jariri ɗan ƙasa. Amma tun 1 ga Janairun 1983, haihuwa a Birtaniya ba ta ba jariri zama ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ko yana da izinin zama na dindindin. Ko da yaron ya samu fasfo ɗin, rabin sharaɗi ya cika. Ɗaya rabin shi ne ya kasance a Birtaniya yake zaune shekaru uku cur kafin ranar farko ta shekarar karatunsa, wato 1 ga Satumba ga mafi yawan masu farawa a Satumba ko Oktoba. Matashin da ya tashi a Kano ko Abuja tun yana goye, da fasfonsa na Birtaniya a aljihu, galibi kuɗin baƙo za a rubuta masa.

Wane irin zama ake nufi? A ƙarshen 1982, a shari'ar Shah da hukumar gundumar Barnet, alƙali Lord Scarman ya fayyace cewa zama ne na halal, da mutum ya zaɓa da kansa, ya zama tsarin rayuwarsa ta yau da kullum. Shi ya sa akwai gaskiya a wata maganar da ake yi: iyalin da aiki ya fitar da su waje na ɗan lokaci, kuma suna da takardun da za su nuna haka, ana iya lissafa su kamar ba su tashi ba. Kalmar “ɗan lokaci” ce ake fafatawa a kanta. Kwangilar shekara biyu daban, komawa gida shekara goma sha biyar daban.

Batun shekara uku ana karatu kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ƙa'idar ta ce kada zaman ya kasance karatu ne kaɗai, ko mafi rinjaye, ya kawo shi. Yaron da ke makarantar kwana a Ingila, yana komawa wurin iyayensa duk hutu, waɗannan shekaru ba sa shiga lissafi. Bizar ɗalibi ma ba izinin dindindin ba ce. Gida da haraji? Su kaɗai ba sa mayar da mutum ɗan gida.

Masu cewa ai mu ƙasashen renon Ingila ne, sun makara da yawa. Tun 1967 aka fara bambanta kuɗin baƙi, a 1980 kuma gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗora musu cikakken kuɗi. Turawan Tarayyar Turai ma sun rasa gatansu daga Agustan 2021, ban da 'yan Ireland da waɗanda suka riga suka samu izinin zama.

Akwai ƙofofin da a buɗe suke, ba a cika ambatonsu ba. Wanda Birtaniya ta amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira ba a neman shekaru ukun nan a wurinsa. Sannan a 2015 Kotun Ƙoli ta ba Beaurish Tigere gaskiya, 'yar Zambiya da ta shigo ƙasar tana shekara shida aka hana ta bashin karatu. Daga nan aka samar da rukunin daɗewar zama: shekara bakwai ga wanda bai kai 18 ba, rabin rayuwa ko shekara 20 ga babba, muddin shekaru ukun ƙarshe da takardun halal ya yi su.

Abin da ni ya fi ba ni haushi a tsarin shi ne kowace jami'a ita ke yanke hukuncinta, daga fom ɗin tantancewa da take aiko wa ɗalibi. Jami'o'i biyu na iya duba takardu iri ɗaya su saɓa, hukumar bashin karatu kuma ta yi nata daban. Scotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce da dokarta. Ana iya neman jami'a ta sake duba hukuncinta, amma gara a yi haka kafin rajista, da hujjoji a hannu, bayan an karanta bayanin ƙa'idojin da ƙungiyar UKCISA ke wallafawa kyauta.