Daga Maƙerar Mutum Uku Zuwa Kano: Tarihin Gidan Bühler Masu Ƙera Injinan Niƙa

Uwargida, idan kika miƙa wa yaro kwanon surfaffen gero ya kai niƙa, na san ba kya tambayar wa ya ƙera injin. Ni ma ban taɓa tambaya ba, sai da injin unguwarmu ya yi shiru.

Mu nan yankin Burkusuma, da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, gero shi ne abincinmu safe da dare, don haka mai injin niƙa ba ƙaramin mutum ba ne. Dattijon da yake da injin unguwarmu ya daɗe yana wannan sana'a, shi ke gyara kayansa, shi ke wasa faifan inji idan ya dakushe. Da Allah Ya yi masa rasuwa, ba a yi wata uku ba magada suka sayar da injin aka raba kuɗi. Kowa ya karɓi nasa, kuɗin suka bi iska, mu kuma muka koma ga turmi da taɓarya, domin a wannan hali na rashin tsaro babu uwar da za ta tura ɗanta wani gari da kwano a ka. Wannan ne ya sa da na ci karo da labarin wani gida da ya riƙe sana'arsa fiye da shekara 160, na ce sai na kawo miki shi.

A shekarar 1860 wani mutum mai suna Adolf Bühler ya buɗe wurin narka ƙarfe a wani ƙaramin gari da ake kira Uzwil a ƙasar Suwizalan, shi da ma'aikata biyu kacal. Maƙeri ne, ba wani attajiri ba. A lokacin Turawa ma da dutse suke niƙa alkama, sai dai nasu manya ne, ruwa ko iska ke juya su. Cikin shekarun 1870 ya fara zuba narkakken ƙarfe yana fitar da wasu mulmulallun ƙarafa masu kama da gangar muciya, waɗanda masu niƙa suka fara sawa a madadin dutse. Daga nan ya ga ai gara ya ƙera injin ɗungurungum.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin bambancin ya shafi tukunyarki. Injin da muka sani faifai biyu ne na ƙarfe suna gugar juna, duk abin da ya shiga tsakaninsu sai ya zama gari, ƙwaya da dusa da tsakuwa baki ɗaya. Shi ya sa sai mun yi surfe, mun bakace, mun wanke kafin mu kai. Kuma faifan yana cinyewa a hankali, ina kike zaton ƙarfen yake tafiya? Cikin garin tuwonmu. Shi kuwa irin nasu, ƙarafan biyu ne masu zane-zane suna juyawa, ɗaya ya fi ɗaya sauri, sai su fasa ƙwayar ba tare da sun murƙushe ta ba. Abin da ya fito ya bi ta rariya, tsaki ya koma wa wasu ƙarafan, a sake fasawa a sake tankaɗewa, har dusa ta ware gefe guda, gari ya fito fari sol. Wato aikin da kike yi da turmi da faifai da rariya ne aka jera shi cikin ƙarfe.

Adolf ya mutu a 1896, ɗansa mai sunansa ya ɗora. Daga alkama suka shiga injinan taliya, da na cakulan, da na shinkafa, da na abincin dabbobi. A 1993 suka sayi kamfanin Sortex na Landan, mai ƙera injin da ke tsince hatsi da idon kyamara: ƙwaya tana zubowa, idan ya hango baƙa ko tsakuwa sai ya hure ta da iska. Duk wadda ta taɓa zaman tsintar shinkafa ranar biki ta san darajar wannan. A yau suna aiki a ƙasashe kusan 140.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka bi da gadon. Urs Bühler, wanda yake tsatso na huɗu, ya ja ragamar kamfanin har 2001, sai ya sauka ya damƙa gudanarwa ga wani ƙwararre wanda ba ɗan gidan ba, mallaka kuma ta ci gaba da zama a gida. A 2014, yana da ransa da lafiyarsa, ya mallaka wa 'ya'yansa mata uku kamfanin: Karin da Maya da Jeannine, kowacce kashi ɗaya cikin uku. Ba a ɓalle ƙusa ko ɗaya ba don a raba.

Na san za ki ce ai su ba da hukuncin gado irin namu suke aiki ba. Gaskiya ne, kuma wannan ma kyauta ce ta mai rai, ba rabon gado ba. Sai dai a darasin gado da nake koyarwa a Islamiyya kullum ina nanata wa ɗalibaina cewa fitar wa kowa rabonsa wajibi ne, amma sayar da dukiyar ba dole ba ne. Idan magada baligai suka yarda, ana iya yi wa inji kuɗi, a rubuta kason kowa, mace da namiji gwargwadon yadda shari'a ta yanka, a bar shi yana aiki ana raba riba. Wanda ya matsu ya sayar wa 'yan uwansa nasa kason. Abin da ke rusa mu shi ne rashin rubutu, da kuma ɗabi'ar nan ta cewa sana'ar uba ta maza ce, mace a sallame ta da 'yan kuɗi ta koma ɗakinta. Da a ce 'ya'yan dattijon nan mata sun san lissafin injin, ina kyautata zaton da har yau yana ƙara.

Gidan Bühler ya iso kusa da mu. A 2015 suka buɗe makarantar koyar da niƙa a Nairobi ta ƙasar Kenya. A watan Yulin 2024 kuma, tare da kamfanin Flour Mills of Nigeria, suka buɗe cibiyar gwajin sarrafa hatsi a Kano, wadda aikinta shi ne irin abin da muke nomawa: gero, dawa, masara, waken suya da wake. Kin san garin gero ba ya jure ajiya saboda man da ke cikin ƙwayarsa, kwana kaɗan ya fara ɗaci, shi ya sa kike ganin fulawa da taliya cike da shaguna amma garin fura sai dai a daka na yau a sha yau. Wanda duk ya iya fitar da garin geron da zai yi watanni a leda lafiya lau, to geron Gobir zai shiga kantunan da bai taɓa shiga ba.