Bikin Tsakiyar Kaka a Ƙasar Sin: Lissafinsa, Al'adunsa da Tatsuniyoyinsa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani biki na Sinawa wanda suke kira Zhongqiu, watau bikin tsakiyar kaka, tare da ƙoƙarin rarrabe abin da yake tarihi daga abin da yake tatsuniya a cikinsa. Mun lura ɗalibanmu sukan haɗe biyun idan ana nazarin al'adun wasu al'ummu, kuma malami da ya karɓi tatsuniya a matsayin tarihi, haka zai koyar da ita.

Ana yin bikin ne ran 15 ga wata na takwas na kalandar Sinawa, daren da wata yake cika, irin wanda mu muke yaba wa da ɗan daren goma sha huɗu. A nan mai karatu zai iya tambaya: in dai da wata ake lissafi, me ya hana bikin zagaya shekara kamar yadda Sallah take yi? Amsar ita ce, shekarar wata takan gaza ta rana da kamar kwana 11. Kalandar Hijira tana barin wannan giɓi yadda yake, shi ya sa azumi kan faɗo wani lokaci da bazara, wani lokaci da hunturu. Sinawa kuwa sukan ƙara wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19. Da haka bikin ya zauna tsakanin Satumba da farkon Oktoba, lokacin da amfanin gona yake shigowa gida.

Bikin ya bunƙasa a zamanin daular Tang (618-907), ya kuma kafu sosai a zamanin Song (960-1279). Sarakuna ma suna da nasu hadaya ga wata, har aka gina wurin yin ta a Beijin a 1530. Amma a wurin talaka, bikin na haɗuwar iyali ne, domin kewayen wata a wurinsu alama ce ta cikar gida. Akan zauna a waje ana kallon wata, yara na yawo da fitilun takarda, a kawo wainar wata, wadda ake cusa wa niƙaƙƙen jan wake ko 'ya'yan wani irin bado, wani lokaci da gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri a tsakiya. Ba a cika cin ta mutum ɗaya ba. Yanka ta ake yi a raba wa kowa.

Fitacciyar tatsuniyar bikin ita ce ta Chang'e, matar maharbi Hou Yi. An ce rana goma ne suka fito tare, ya harbo tara, aka saka masa da maganin hana mutuwa. Matar ta sha, ta tashi sama ta zauna a wata, tare da wani zomo mai daka magani a turmi. Wannan babu mai ɗaukarsa tarihi. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne labarin cewa an ɓoye wasiƙun tawaye a cikin waina don kifar da mulkin Mongol. Faɗuwar wannan mulki a 1368 gaskiya ce, amma rubuce-rubucen wancan zamani ba su tabbatar da zancen wasiƙun ba, don haka a ganinmu hikaya ce da aka jingina wa tarihi daga baya.

Gwamnatin Sin ta mai da ranar hutun ƙasa a 2008. Waina kuwa ta zama kayan kyauta tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikata, har tsadar kwalayenta ta sa hukuma ta sa ido a 2022 kan duk wanda ya wuce yuwan 500. Sunayen tatsuniyar ma ba su tsaya a bakin kakanni ba: kumbon Chang'e 4 shi ne na farko da ya sauka a bayan wata, cikin Janairu 2019, ɗauke da wata 'yar mota da aka raɗa wa sunan zomon.