Awon jini mai nuna ciwon zuciya da raunin tsoka

Ƴan uwa manoma da makiyaya, duk mun san naman sa ya fi na kaza ja. Abin da ke ba nama wannan launi likitoci na kiran sa miyogulobin. Yana cikin tsokar jikinmu, yana cikin tsokar zuciya. Aikinsa shi ne ajiye iskar da muke shaƙa, domin tsoka ta samu ƙarfin aiki.

Muddin tsoka na lafiya, miyogulobin na zaune a cikinta kamar hatsi a rumbu. In ta ji rauni, sai ya zubo cikin jini. Da ɗan jinin da aka ɗiba a hannu, likita na iya auna yawansa.

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, tsokar zuciya na soma mutuwa. Cikin awa 2 zuwa 3 miyogulobin ya hau. Bayan kamar awa 24 kuma ya sauka. Shi ya sa likita ke tambaya: da wane lokaci ciwon ya fara? Mu riƙe lokacin, ko da a ce bayan sallar asuba ne ko kafin la'asar.

Amma wannan awo ba ya bambanta tsokar zuciya da ta cinya. Saboda haka tun shekarar 2000 likitoci sun fi dogara ga awon turoponin, wanda ke nuna raunin zuciya kanta, tare da na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda.

Ga raunin tsoka kuwa, miyogulobin na da magana babba. Wanda bango ya danne da damina, ko amalanke ya taka, ko ya sha dūka, ko ya yi noma fiye da ƙima cikin zafin rana, tsokarsa na iya lalacewa. Miyogulobin mai yawa kan bi jini ya cushe ƙoda. Alamarsa ita ce ciwon tsoka, da kasala, da fitsari mai duhu kamar shayi. In aka yi jinkiri, ƙoda na iya daina aiki. In aka zo da wuri, ƙarin ruwa na kare ta.

To, mu kiyaye abu biyu. Mai jin nauyi a ƙirji, da zufa, da ciwon da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, a kai shi gidan likita nan take, kada a jira gari ya waye. Mai baƙin fitsari bayan rauni ko aiki mai tsanani, shi ma haka. Mu gaya wa likita aikin da muka yi da abin da ya same mu, ba ɓoye-ɓoye.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.